Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NBC: har yaushe tashoshin gida za su zauna a dishi-dishi?

Zuwa ga Darakta Janar na Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni mai ɗaura dish ne a Kano. Shekarata goma sha bakwai ina hawa rufin mutane da tsani da sifana da 'yar na'urar neman sigina a wuya, kuma da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da iyali. Na fara da faɗar haka ne don ka san daga wace kusurwa nake magana. Ban taɓa zama a taron masana ba, amma falon mutane na shiga ya fi a ƙirga, na kuma ga abin da ke fitowa a talabijin ɗinsu bayan an gama biyan kuɗin wata.

Kwanakin baya wani Alhaji da nake yi wa aiki ya sayi talabijin inci 65, ya kira ni na haɗa masa. Da muka kunna ƙwallon Turai, har ciyawar filin kana iya ƙirgawa. Ya yi murna, ya ƙara mini na mai. Bayan kwana biyu sai ga kiransa, wai in zo dish ya goce. Na je na auna, sigina lafiya lau. Ashe tashar gida ya koma don ya ga wa'azin wani malami da yake so, sai ya tarar da fuskar malamin kamar an shafa mata man shanu, rubutun da ke gudu a ƙasan allo kuwa sai ka matso ka ƙanƙance ido. Na yi masa bayani cewa dish ba ya zaɓen tasha, duk ta hanya ɗaya suke saukowa, abin da aka turo daga sama shi yake kamawa. Ya dube ni ya ce, to Malam, don me na Turawa ya fito garau, namu na nan bakin ƙofa ya fito da hazo, alhali kuɗina ɗaya na biya? Sau uku yana kirana a kan maganar nan. Ba laifina ba ne, ba kuma laifin talabijin ɗinsa ba ne, shi ya sa na ga ya dace in miƙo tambayar inda ake da ikon amsa ta.

Na san ka san abin da zan faɗa yanzu, amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, akwai masu karatu da ba su sani ba. Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. Tsohon tsarin da muka gada, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, wato dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Cikakken HD kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan biyu. Ninki biyar ke nan. Lokacin da kowa ke da 'yar talabijin mai ƙusumbi inci 14 ko 21, babu wanda ya damu, domin ƙaramin allo yana rufa wa hoto asiri. Yanzu ko a kayan ɗakin amarya filasma ake sakawa. Ka ɗauki ɗan hoton nan ka baza shi a kan inci 50, kamar ka dama furar mutum ɗaya ne ka ce ta ishi mutum biyar: sai ruwa.

Wani abin ma ya fi wannan ban haushi. Tauraron ɗan'adam yana can sama da nisan kusan kilomita dubu 36, kuma wurin da ke cikinsa haya ake kamawa da dala. Kamfanin kallo ta tauraro, irin DStv, yakan zuba tashoshi da yawa a mazubi guda, wato kason da ya kama haya a cikin tauraron, na'ura tana raba musu hanya gwargwadon matsayin da aka ba kowacce. Tashar da aka fi ji da ita a buɗe mata, wadda ba a damu da ita ba a matse ta. Shi ya sa za ka ga tashoshi biyu duk SD ne, amma ɗaya ana iya kallo, ɗayar kuwa da zarar doki ya zabura ko jama'a sun motsa sai hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai. A abin da idona ya gani, wadda ake matsewar yawanci ita ce mai magana da harshenmu. Wasu tashoshin jihohi ma ba maganar hazo ake yi ba, sam babu su a jerin.

Wani zai ce ai wannan kukan daɗi ne, ana fama da tsadar abinci wa yake ta kyan hoto. Na yarda hoto ba tuwo ba ne. Amma a tuna da 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, jihohi suka koma koyar da yara ta rediyo da talabijin. Malami na rubuta lissafi a allo, yaro a gida ba ya iya bambance 3 da 8. A tuna da daren zaɓe, in an ɗora jadawalin ƙuri'u na ƙananan hukumomi, alƙaluma cunkushe a allo ɗaya. A tuna da tafsirin azumi, inda ake ɗora aya a rubuce, wasali kuwa in ya dushe ma'ana ta canja. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne mai fassara wa kurame labarai, wanda ake maƙalewa a ɗan lungun allo. Maganarsa duk a yatsu take. Ina da ɗan'uwa kurma, na sha ganinsa ya durƙusa gaban talabijin yana ƙoƙarin gane abin da hannun ke faɗa, daga ƙarshe ya tashi ya bar wurin. Ga wannan bawan Allah, hoto mai hazo daidai yake da rediyon da aka ƙure wa murya ƙasa.

Sai kuma maganar kasuwa. Mai talla yana son kayansa su yi kyau a ido. In tasha tana fitowa dishi-dishi, mai kallo ya wuce ta, mai talla ya bi mai kallo, tashar ta rasa kuɗin sayen kayan aiki, hoton ya ƙara lalacewa. Yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu, suna ganin bidiyon da ɗan unguwarsu ya ɗauka tangaran a TikTok, ba za su zauna kallon hazo don kishin gida ba. Kullum ana kukan tarbiyya ta lalace, yara sun koma kallon na waje. To ai mu muka ajiye musu na waje a faranti mai kyau, na gida a fasasshen ƙoƙo. Kuma masu kallon nan ba a Najeriya kaɗai suke ba. Hasken tauraro bai san kan iyaka ba, mutanen Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi suna kama tashoshin Hausa na nan, da wannan hoton suke ganinmu.

Ban zo in yi wa kamfanoni rashin adalci ba, don suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Taurarin da ake haska mana daga gare su, irin wanda DStv ke amfani da shi a digiri 36 gabas, wato mazauninsa a sama, haskensu shimfiɗe yake a kan ƙasashe da dama lokaci guda. Ma'ana, in an ɗora tashar jiha guda, ta ci wuri a duk faɗin wannan yanki, har a ƙasashen da ba wanda zai taɓa buɗe ta. Ga jihohi 36 da Abuja, ga rassan NTA birjik, ga masu zaman kansu. A lissafinmu na masu sana'a, mazubi guda yakan ɗauki tashoshin HD takwas zuwa goma a tsarin matse hoto na MPEG-4. Ka ga in za a kwashi tashar kowace jiha, ana maganar mazubi huɗu ko biyar, ana biya da dala, ana karɓar naira. Wannan gaskiya ne. Sai dai sabon tsarin matsewa na HEVC yana rage buƙatar da kusan rabi, kuma ni dai ban taɓa jin wuri ya yi ƙaranci ba idan za a ƙaro tashar wasanni ko ta fim ɗin waje. DStv ta fara HD tun 2008, da wasannin Olamfik na Beijin. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya yi gemu. Ba za a ce abin sabo ne ana kan gwaji ba.

Wannan rigimar an yi ta a wasu wurare an gama, kuma yadda aka gama ta shi ne dalilin da ya sa na rubuto maka, ban rubuta wa kamfanoni ba. A Amurka, sai a 1999 majalisa ta yi dokar da ta ba kamfanonin tauraro damar ɗaukar tashoshin kowane gari su mayar wa mutanen garin. Aka haɗa da sharaɗi guda da ya fara aiki a 2002: in ka ɗauki tasha ɗaya a gari, to sai ka ɗauki sauran duk da suka nema. Da HD ya zo, sai kamfanoni suka riƙa ɗaukar manyan tashoshi a HD suna barin ƙanana a tsohon hoto, da irin hujjar da muke ji a nan, wai babu wuri. A 2008 hukumar sadarwarsu, FCC, wadda ita ce takwararku, ta yanke cewa duk garin da ka ɗauki tasha ɗaya a HD, sauran masu watsa HD ma sai ka ɗauke su haka. Ba ta ce a yi a dare ɗaya ba. Ta ce kashi 15 cikin ɗari na garuruwan zuwa Fabrairun 2010, kashi 30 a 2011, kashi 60 a 2012, a kammala a 2013. Ƙasar da aka raba gida 210 ta fuskar kasuwar talabijin, ka ga aikin ya ninka namu nesa ba kusa ba. Kamfanonin DirecTV da Dish suka harba taurari masu haske irin na tocila, kowane haske ya dira a yankinsa kaɗai, ta yadda zangon sigina ɗaya zai yi aiki a garuruwa da yawa ba tare da an yi karo ba. Dabarar tana nan tun da, amma sai da doka ta tsaya a kansu suka zuba mata kuɗi sosai.

In an ce Amurka ta yi nisa, ga Afirka ta Kudu, mahaifar MultiChoice, kamfanin da ke da DStv. Hukumarsu ta ICASA ta kafa ƙa'ida tun 2008 cewa dole kamfanonin kallo na biya su ɗauki tashoshin gwamnati na SABC, kuma a 2018 tashoshin suka fara fitowa a HD a kan DStv. Abin da ya yiwu a Johannasbag ban ga abin da zai hana shi yiwuwa a Kaduna ba.

Amma fa laifi tudu ne. In na tsaya a kan kamfanoni kaɗai na ci amanar gaskiya, domin tauraro ba ya gyara abin da aka ba shi a lalace. Na taɓa shiga wani gidan talabijin na jiha don in gyara musu dish ɗin da suke ɗaukar labaran waje da shi. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Kyamarorin da matasan ma'aikata ke fita da su na zamani ne, suna ɗaukar hoto mai kyau. Amma da an shigo da shi ɗakin sarrafawa sai a bi da shi ta wata tsohuwar na'ura da ta girmi mai aiki da ita, ta tatse shi ya koma SD, sannan a tura shi sama ta layin intanet mai rauni. Injiniyan wurin, dattijo mai sanin aikinsa, ya ce mini ya rubuta takardar neman canji har ya gaji. Gwamnoninmu suna son kyamara ta bi su duk inda suka je buɗe rijiya, amma kasafin gyaran gidan da kyamarar ta fito sai a hankali. Abin kunya ne ga yankin da ya fara talabijin a Kaduna tun 1962, wanda kuma a Jos ɗinsa aka fara haska hoto mai launi a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970. Marigayi Abubakar Rimi da ya kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV da sunansa, so ya yi mutanensa su ga kansu da kyau.

Akwai kuma 'yar yaudarar da ta fara yawa. Tasha ta ɗauki tsohon hoto ta hura shi da na'ura, ta manna tambarin HD a kusurwa. Wasu kuma su ja tsohon hoto mai kusan murabba'i ya cika faffaɗan allo, sai ka ga mai karanta labarai siriri ya koma kamar tulu. Mu ma masu ɗaurawa da namu. Sau nawa na tarar an haɗa dikoda mai HD da talabijin mai HD da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, don wani yaron shago ya ƙi sayen HDMI, wayar da ke ɗaukar hoton HD? Wannan namu ne, mu za mu gyara.

Sai na zo kanku, ranka ya daɗe, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun yarjejeniyar Janeba ta 2006 aka sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin watsawa na analog zuwa sabon tsarin dijital. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ya wuce. 2015 ya wuce. 2017 ya wuce. An ƙaddamar da sabon tsarin a Jos a Afrilun 2016, aka yi Abuja a ƙarshen shekarar, aka yi Kaduna da Ilori da Inugu da Oshogbo, sai Legas da Kano a 2021. Mun ga akwatin FreeTV, wato na'urar kama tashoshin sabon tsarin, wasunmu har horo aka ba su na haɗa shi. Amma ka fita bayan gari kaɗan ka tambayi mutane, da yawa ba su ma san an yi ba. Wannan giɓin shi ya tura talaka ga dish, domin a ƙauye tauraro ne kaɗai hanyar da hoto ke isowa. A 2025 mun ji hukumarku da kamfanin NigComSat kun sanar da shirin dogaro da tauraronmu na gida don ƙarasa aikin. Na yi murna, don ita ce hanyar da ta dace da faɗin ƙasar nan. Tsorona guda ne. Tauraron namu, NigComSat-1R, an harba shi a Disambar 2011, kuma shekara 15 aka ƙiyasta masa. Kowa ya iya wannan lissafin. Wanda ya gabace shi, na 2007, ko shekara biyu bai cika ba ya mutu. Kada mu sa talakawa su juya dish miliyoyi zuwa digiri 42.5, inda tauraron yake, sannan a wayi gari a ce a sake juyawa. Ni kam ciniki zan samu, amma ba irin cinikin da nake roƙon Allah ba ke nan.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin hukumar da aka kafa tun 1992 don wannan aiki ba. Kundin ƙa'idojinku ya yi magana a kan kason shirye-shiryen gida, amma kaso ba tare da inganci ba rufin ƙofa da ɓarawo ne. A sa a sharaɗin lasisi cewa duk kamfanin da ke sayar wa 'yan Najeriya kallo ta tauraro, in har yana ɗauke da tashoshin HD, to tashar gida mai lasisinku da ta kawo masa hoto na HD na gaskiya sai ya haska ta yadda ta zo, kada ya tatse. A ba su wa'adi daki-daki kamar yadda aka yi a Amurka, shekara uku ko huɗu, a fara da tasha ɗaya ko biyu daga kowace shiyya, kowa ya san ranar da za a zo kansa. A kuma sa ƙa'idar mafi ƙarancin hanyar da za a ware wa kowace tasha, har masu SD ɗin, don a daina matse 'yar bora a yalwata wa 'yar mowa.

Su ma tashoshin a ɗaure su da nasu igiyar. A can Amurka, nauyin tasha ne ta kai hoto mai inganci har wurin da kamfani ke karɓa. A nan ma a yi haka, wadda ba ta gyara gidanta ba kada ta yi kuka da kowa. Sai dai tashar jiha ita kaɗai ba za ta iya jan layi har Legas ba, don haka a samar da matattara a kowace shiyya, Kano ko Kaduna, Bauchi ko Gombe, Jos, inda za su zuba hotonsu a ɗauka gaba ɗaya. Kamfanonin rarraba sigina da kuka ba lasisi don aikin FreeTV suna da turaku a wasu daga cikin garuruwan nan, ba daga tushe za a fara ba. Tambarin HD kuwa a mai da shi kamar mudu a kasuwa: wanda ya manna shi a kan hoton da bai kai ba, a hukunta shi kamar mai tauye awo.

Roƙo na ƙarshe shi ne wanda na fi tsoron a manta. Kada a ce tashoshin gida na HD sai mai babban tsarin biya. Mutumin da ya fi buƙatar tashar jiharsa shi ne mai biyan mafi ƙarancin kuɗi, ko mai risibar kyauta da ba ya biyan komai. Kuma kada a kashe tsohon hoto rana ɗaya. Har yanzu akwai gidajen da tsohuwar risiba mai MPEG-2 ce ke aiki, wadda in an koma sabon tsari ba za ta nuna komai ba. A bar su biyun suna tafiya tare na wani lokaci, a sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri, ba a jaridar Turanci kaɗai ba, a kuma hana shigo da risibar da ba ta karɓar sabon tsari, don har gobe ana sayar wa mutane ita a kasuwa da sunan sabuwa.

In hukumarku na son sanin ko ana bin ƙa'ida, ba sai ta kashe kuɗi wajen ɗauko masu bincike daga waje ba. Mu masu ɗaura dish muna kowace unguwa daga Sakkwato zuwa Maiduguri, kuma mu ake fara kira in hoto ya ɓaci. Ku ba mu lamba guda da za mu riƙa turo rahoto, ku kuma riƙa wallafa wa jama'a duk wata shida jerin tashoshin da suka koma HD da waɗanda suka rage, da dalilin kowacce.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai ɗaura dish, daga Kano.